Tauraron da ke Bisa Katangar Malam

Sana'ata hawa rufin mutane. Shekara ashirin da wani abu ina ɗaura dish a garin Kontagora, kuma ban taɓa taka tsani ba sai na ɗaga murya na ce, "Gafara dai, za a hau sama, mata a kimtsa!" Sau uku ake faɗa. Sai ka ji ana jan bokiti, ana kwashe shanya, ana kiran yara, sannan ka hau. Magina haka suke yi, kafintoci ma haka. Wanda ya hau bai faɗa ba, ba a sake kiransa aiki a unguwar. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce rashin sanin al'ada ya jefa ni cikin abin da na shiga. Na san ta sarai.

Boko a aji uku na sakandare na tsaya. Turancina na karanta takardar cikin kwali ne, shi ma sai da hoto a gefe. Amma sama na daɗe ina kallonta. Ina yaro a Sahon Rami, babana yakan nuna mini taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta, in kaka ta yi, ya ce bakwai ne, mai ido ya ƙirga. Shida nake samu kullum. Wata rana ina gwada wa wani tashoshi bayan na gama masa seti, sai ga hotonsu a talabijin. 'Ya'yan sun fi ɗari, ga wani shuɗin hayaƙi ya lulluɓe su. Aka ce wani mutum ne ya ɗauka daga tsakar gidansa, ba gwamnati ba, ba jami'a ba. Na tsaya da rimot a hannu har mai gidan ya ce, "Injiniya, lafiya?"

Babu lafiya. Shekara biyu abin yana cina. A ƙarshe na sayar da babur ɗina na sa wani ɗan gwanjo ya aiko mini da kayan daga Legas: madubin hangen nesa mai tsawon hannu, kyamara, da wani mazauni mai nauyi da inji a cikinsa.

Mazaunin nan shi ne komai. Taurari tafiya suke, daga gabas zuwa yamma, kuma haskensu kaɗan ne, sai kyamara ta yi minti biyu ko uku a buɗe kafin ta tara shi. In madubi yana tsaye wuri ɗaya, layi-layi za ka samu. Shi ya sa injin yake juya madubin a hankali yana bin sama. Amma ba zai bi daidai ba sai ƙashin bayan mazaunin yana kallon tauraron arewa, wanda shi kaɗai ne ba ya gusawa. Akwai 'yar kafa a jikin ƙarfen da ƙaramin gilashi, ka sa ido, ka juya noti har tauraron ya zauna cikin wani ɗan zobe. Shi ke nan aikin. A takarda layi huɗu ne.

A ƙasar waɗanda suka ƙera kayan, tauraron yana can sama. A Kontagora, in ka miƙa hannu ka dunƙule, tsayinsa daga ƙasa dunƙule ɗaya ne. Mazaunin ma ya ƙi sunkuyawa har can, sai da na yanka farantan ƙarfe biyu na haɗa su da hinji da dogon noti, na yi masa matashi. Daga tsakar gidana ba a ganin tauraron, katanga ta tare. Sai na zuba ginshiƙin siminti a kan dekin ɗakina na ɗaure komai a kai. Daga nan yana fita tas, kaɗan sama da katangar can ƙarshen gidan da ke arewa da ni.

Gidan Malam ke nan. Tsohon magatakardan kotu ne, ya yi ritaya, gidansu gidan malamai tun kafuwar garin. Ni kuwa babana daga ƙauye ya shigo, har yau in na yi magana da sauri sai a ce harshen gona ya fito. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ni nake fara ta.

Da bazara na gama haɗawa. Daren farko da na biyu, bayan magariba, na yi kiran sau uku na hau. A na uku matata ta tare ni a gindin tsani.

"Baban yara, matan gidan Malam suna ƙorafi. Ɗaki kamar tanda, sun shimfiɗa tabarma su sha iska, sai ka kora su ciki. Kullum fa."

"To ya zan yi?"

"Oho. Ni dai na faɗa maka."

Na yi tunani irin nawa. Na ce ai ba su nake kallo ba, me zai sa in takura wa bayin Allah? Sai na daina kiran. Wallahi tausayi ne ya sa. Nakan hau a hankali ba takalmi don kada in dame su, da 'yar tocila da na naɗe wa bakinta jar leda, don an ce farin haske yana kashe wa ido ganin duhu. Yanzu ka zauna a tsakar gidan Malam ka ɗaga kai. Ga namiji a kan rufi ya hau shiru, da jar wuta, ya duƙa ya manna ido a jikin wani ƙarfe, ga ƙaton bututu da kyamara ya miƙo baki saitin tabarmarka. Dare tara ina haka. Ni kaɗai ne a unguwar ban ga yadda abin yake ba.

Aiki ne ya fara gaya mini. Wani da na saba yi wa gyara ya ce, "Injiniya, bari sai ranar da iyali suka tafi unguwa." Wani ya kira yaron da ni na koya wa riƙe sifana. Sati guda ban hau rufin kowa ba. Matata ta dawo daga suna ba ta ci abinci ba, ta ce an ce mijinta yana da dogon ido, yana ɗaukar matan mutane yana zubawa a waya. Washegari mai unguwa ya aiko.

A zaurensa aka zauna bayan la'asar, mutum kamar goma. Malam yana gefe da carbi, bai dube ni ba.

"Ranka ya daɗe, taurari nake ɗauka," na ce.

Mai unguwa ya ce, "Taurari a tsakar gidan Malam suke?"

"A bisa katangarsa yake, guda ɗaya ne, na arewa. In ban saita da shi ba, injin ba ya..."

"To nuna mana hotunan."

Na miƙa waya. Abin da na samu a dare taran nan layuka ne masu lanƙwasa, don setin bai zauna ba tukuna. Wayar ta zaga hannu-hannu. Wani tela ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai taliya ce." Aka yi dariya. Wani ya ce na gaskiyar yana can a ɓoye, wa zai kawo wa mai unguwa su.

Raina ya ɓaci, na juya wajen Malam. "Allah gafarta Malam, ka zo ka hau da ƙafarka. Ka sa idonka inda nake sa nawa. In ka ga ko da zanin shanya ne a ciki, ni da kaina zan farfasa shi."

Na yi zaton na yi dabara. A kotu ya yi aiki, na ce mai son shaida ne, zan ba shi shaida.

Ya zo bayan magariba. Ranar na yi kiran da ƙarfi har muryata ta dushe. Ya tattare babbar riga ya hau tsanin, ina riƙe masa, yana haki. Na nuna masa kafar. Ya cire hula, ya duƙa, ya daɗe.

"Zobe nake gani, da ɗigo ɗaya."

"Shi ne, Malam."

"Saboda wannan ka sayar da babur?"

"Da shi ake kama sauran."

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. Da ya sauka a nan, da na tsira. Amma mutum in ya miƙe sai ya duba gabansa. Ga gidansa shimfiɗe a ƙasa kamar faifai, ƙwan sola yana haska shi. Tabarmi uku da matasai, an tashi an bar su da sauri. Turmi. Igiyar shanya. A kusurwa kewayen wanka, ba rufi, ga bokiti, ga soso rataye a ƙusa. Na rantse da Allah ban taɓa lura da kewayen nan ba sai ranar, da na bi idonsa.

"Madubinka bai ga komai ba," ya ce a hankali. "Na yarda."

"Alhamdu lillahi."

"Kai fa?"

"Wallahi, Malam, ban taɓa duba ƙasa ba."

"Wannan ma na yarda. Amma ka ga soson can? Na uwar 'ya'yana ne. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganinsa daga sama ba sai yau."

Ya mayar da hularsa ya sauka, bai bari na riƙe masa tsani ba.

Hukuncin bai da tsawo. Ko in fasa ginshiƙin, ko in kafa kwano a gefen arewa, ya wuce tsayin kaina. Na ce a bar mini ɓula ko da kamar kwabo ce, saitin tauraron kawai. Mai unguwa ya ce, "Mutum a fili ma an yi magana, balle mutum a bayan ɓula." Na kafa kwano biyar a jere, don in ban kafa ba, babu mai sake barina in hau rufinsa, kuma hawa rufi shi ne tuwon gidana.

Damina ta shigo. In sama ta ɗan washe sai in hau in zauna ina kallon kwano. Tauraron yana bayansa, kaurin farce ne tsakanina da shi. An ce akwai hanyar yin seti ba tare da shi ba, ka riƙa bin wani tauraro kana lura da inda yake zamewa. Na kalli bidiyon wani Bature da ke koyar da ita ya fi sau talatin. Baturen yana magana kamar ana korarsa, kuma gabas da yamma a madubi a juye suke. In na juya noti hagu abin ya lalace, in na mayar dama ya ƙara lalacewa. Na murɗa dogon notin nan har zarensa ya cinye, farantin ya soma rawa. Na taɓa ɗaukar kayan a keke mai ƙafa uku zuwa wani fili a hanyar Beri. Tauraron yana nan a fili, ba katanga, ba kowa. Amma seti ba ya bin mutum gida, da ka ɗaga mazauni ya tashi, kuma zamanin nan wa ke yarda duhu ya same shi a daji da kaya irin wannan?

Sau uku na je wa Malam da goro. Na ce minti goma kawai nake roƙo, rana ɗaya, su shiga ɗaki in cire kwano guda.

"Malam Injiniya, ba ƙinka nake ba. In na ce wa iyalina su shige don ka hau, gobe gari ya ce na sayar da tsakar gidana da goro."

A na ukun har durƙusawa na yi. Mutum mai furfura a gemu, ina durƙuso saboda ɗigo. Ya kawar da kai ya ce in tashi, ba kyau.

Matata ta daina magana a kan abin. Wata rana dai tana shanya barkono ta ce, tunda dekin ya samu katanga, ko in bar mata shi. Kallon da na yi mata ya ba ta amsa.

Ƙarshen damina, wata safiya, aka yi sallama. Malam ne da kansa a ƙofata, abin da bai taɓa yi ba.

"An yi mana rasuwa a Auna, mijin yayata. Duk gidan za mu tafi, can za mu kwana, sai gobe da hantsi. Ba kowa sai kaji." Ya ɗaga kai ya dubi rufina. "Ka cire kwanonka guda ɗaya. Kafin mu dawo ka mayar."

Na ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Baki ne yake faɗa. Zuciyata tana can kan rufi tana neman sifana.

Kafin la'asar na cire kwanon. Na aro injin walda da janareto wurin wani abokina mai walda, muka ja waya har sama. Da zan hau ma sai da na yi kiran sau uku, kajin Malam suka ɗago kai. A nan na yi sallar magariba. Ina sallamewa na ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya miƙe ya rufe arewa. Na zauna. Wata shida ina jiran daren nan. Na roƙi Allah ya buɗe hadarin, irin roƙon da ban taɓa yi ba ko ranar da ɗana ke kwance asibiti, ina jin kunyar faɗa amma haka ne. Aka kira isha'i ban sauka ba. Can iska ta ɗan yage hadarin ta ƙasa, wani siririn fili ya buɗe saman katangar Malam, ga tauraron nan.

Na duƙa. Na sa ido, na ɗaga farantin da ɗan guntun ƙarfe tunda noti ya mutu, na buga kaɗan, na sassauta, na sake bugawa. Tauraron ya matso, ya wuce, ya dawo, ya zauna cikin zoben daram. Na ɗago na goge ido na sake dubawa. Yana nan.

To sai a riƙe shi. A sana'ata, in ka saita dish ba ka so iska ta juya shi a dawo ana kiranka, sai ka ɗiga masa walda a wuya. Na yi haka ya fi sau ɗari, ba wanda ya taɓa dawowa. Na cire batirin injin mazaunin, na rufe madubi da jiƙaƙƙen buhu, na tayar da janareto.

Matata ta leƙo daga ƙasa. "Baban yara, ka sa masa itace ka ɗaure mana, in ya so gobe ka sayo sabon noti."

"Me kika sani a ƙarfe?"

Na ɗiga uku. Na duba kwanon da ke jingine, na tuna ba zan sake samun daren nan ba, sai na ce bari in yi mai gaba ɗaya. Na ja walda tun daga wannan kan hinjin har wancan, layi mai kauri, gefe ɗaya. Ina cire gilashin fuska ruwa ya sauko. Na ja tamfol na rufe. Hadarin bai sake buɗewa ba har gari ya waye. Da sassafe na mayar da kwanon na buga ƙusoshinsa. Da hantsi motarsu ta tsaya, Malam ya fito, ya ɗaga kai ya ƙirga kwano biyar, ya ɗaga mini hannu.

Sai bayan kwana huɗu sama ta washe. Kaza da 'Ya'yanta ta fito ta gabas bayan isha'i. Na saita madubi, na kunna inji, na buɗe kyamara minti biyu, ina tsaye ko numfashi ba na so in yi da ƙarfi. Hoton ya fito. Kowane tauraro ya yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, duk sun kwanta gefe ɗaya. Na sake. Shinkafa. Na sake sau goma sha.

Da safe na kai wa mai walda janaretonsa na gaya masa. Bai ko ɗago daga ƙofar da yake haɗawa ba.

"Layi ka ja? Gefe ɗaya? Haba, Injiniya. Kai ma ka san walda tana jan ƙarfe in ta huce."

Na sani. Tun ina yaron shago na sani. Dish ne ya lalata ni, shi ko ya ɗan kauce hoto yana zuwa, ba ya tona wa mutum asiri. Garin neman gira na rasa ido, kuma da hannuna.

Shekara biyu ke nan. Aiki ya dawo, ana kirana, ina yin kiran sau uku ina hawa. Ginshiƙin yana nan, kwano biyar suna nan sun fara tsatsa. In na buɗe kyamara daƙiƙa ashirin, taurari suna fita ɗigo-ɗigo, in na ƙara sai shinkafa. Da daƙiƙa ashirin ɗin na samu hoton Kazar, na ƙirga 'ya'ya arba'in da 'yan kai. Shuɗin hayaƙin babu shi, shi sai an daɗe a buɗe. Yanke waldar aikin minti biyar ne, sabon noti ma na saya yana cikin aljihun jakar aikina. Amma in na yanke, sai na sake ganin tauraron, kuma gidan Malam bai sake zama ba kowa ba ko na dare ɗaya.

Yanzu in mun gaisa nakan tambaye shi mutanen Auna. Yayar tasa ta tsufa ƙwarai, tun rasuwar mijin take kwanciya tana tashi. Makon jiya na ji an ce jikin ya yi tsanani, na tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar.

"Allah gafarta Malam, ya mai jiki?"

"Da sauƙi sosai. Jiya har ta ci tuwo."

Na ce alhamdu lillahi, kuma na ji yadda kalmar ta fito daga bakina a sanyaye. Shi ma ya ji. Ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi kwanon da ke leƙowa ta saman gidana, ya sa takalmansa ya wuce.